Daga Ina Wayar Salula Take Samun Lokaci?

Mai shago a Kasuwar Kurmi ba ya saita agogon wayarsa, amma kullum yana tafiya daidai da na maƙwabcinsa. Wayar tana karɓar lokaci ne daga turken sadarwar da ke kusa da ita, ko ta intanet. Shi kuma turken, daga tauraron GPS yake samu, ko ta wayar faiba, wato zaren gilashin nan da ake binnewa a gefen titi.

Aika lokaci ba kamar aika hoto ba ne, domin kafin ya isa ya tsufa. A ce an aiki yaro daga Ƙofar Mata ya faɗa wa mutanen Kurmi ƙarfe nawa. Kafin ya isa, maganarsa ta zama tsohon labari. Haske ma haka yake. A cikin faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowace kilomita tana cin maikrosakan 5 (maikrosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa). Daga Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Equiano suka sauka, zuwa Kano, kusan kilomita 1,000 ne, jinkirin maikrosakan 5,000 ke nan.

Dabarar ita ce a auna zuwa da dawowa, a raba biyu. Haka tsarin NTP yake yi tun 1985, haka ma PTP na 2002, wanda ya fi shi tsanani. Amma fa dabarar tana da lauje cikin naɗi: ta ɗauka zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. Idan yaron ya tafi a adaidaita sahu, ya dawo a ƙafa, lissafi ya rushe. Masu aikin titi su tsinke faiba, a yi ƙari, hanya ɗaya ta fi ɗaya tsawo da mita 100 kacal, agogo zai kauce da kwatan maikrosakan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 5G, wadda MTN ta fara a Najeriya a 2022, Kano na cikin biranen farko. Turakunta suna aikawa da karɓa bi da bi a zango ɗaya, kuma ba a yarda ɗaya ya kauce fiye da maikrosakan 1.5 ba. Ya wuce haka, sai ya riƙa magana lokacin da maƙwabcinsa ke saurare, data ta kama ja da ƙyar alhali sabis a cike.

A cibiyar CERN ta Turai har an samar da White Rabbit, tsarin da kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba.

Wayar hannu ba ta buƙatar wannan tsanani, amma masu ƙara wa agogo minti biyar don kada su makara suna ja wa kansu. Lambar Google Authenticator tana canzawa duk daƙiƙa 30, daga agogon wayar ake lissafa ta. Agogo ya kauce, shafi ya ƙi lambar, mutum ya zaci an yi masa kutse. Sai a shiga saitin kwanan wata da lokaci, a kunna na kai tsaye.