Ƙurar Dutsen Gwal da Jikin Yaranmu

Wata baiwar Allah daga Maradun ta aiko da tambaya. Maigidanta yana kawo buhunan dutsen gwal ana dakawa a tsakar gida, ga ɗanta mai shekara biyu ya rame, ya daina cin abinci, kuka ba dare ba rana. Maƙwabta sun ce haƙori ne.

Malama, mai yiwuwa haƙorin ne, amma ni dutsen nan ya fi tayar mini da hankali. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF sun gano yara suna mutuwa bi da bi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara kusan 400 suka rasu. Dutsen da ake niƙawa cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi ƙasa da turame, yara suna rarrafe suna kai hannu baki.

A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki akwai wani dogon zare mai tufka biyu da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin ginin jiki. Ƙarfe yana iya tsinka shi. Ƙarfen jini da jan ƙarfe, idan suka yi yawa suna yawo sakaka, sukan miƙa wa iskar oksijin lantarkinsu, sai a samu wasu ƙwayoyi masu zafi da ke yankar zaren kamar reza. Masana a ɗakin gwaji sukan yi haka da gangan: su haɗa ƙarfe da wani sinadarin da zai riƙe shi, su saka ɗan lantarki, zaren ya tsinke. Kusa da wannan hanyar aka samu babban maganin daji. A 1965 Barnett Rosenberg, a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ya lura ƙwayoyin cuta sun daina rabuwa bayan ya bi da lantarki ta sandunan filatinam a ruwan da suke ciki. Daga nan aka samu cisplatin, wanda ke manne wa DNA ɗin ƙwayar daji ya hana ta hayayyafa. Likita yana auna shi da sirinji, duk da haka majiyyaci yana shan wuya. To, ina ga ƙarfen da yaro ke haɗiya kullum babu awo?

Dalma makira ce. Jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin da ke gina ƙashi, ya ɓoye ta a ƙashi shekara da shekaru. Tana hana haɗa jini, tana raunana masu gyaran zaren nan idan ya tsinke, mafi muni kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani bai da illa. Mai ciki ma tana miƙa wa ɗan tayinta.

Saboda haka dutsen nan ya bar gidan yau. A yi niƙa nesa da gari, a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta. Maigida ya yi wanka ya sauya tufafi a wurin aiki kafin ya ɗauki yaro. Turmin da ya daka dutse ya gama da hatsi har abada, haka buhun. Kada a ƙona zaibar da ake ware gwal da ita a ɗaki ko kusa da murhu, hayaƙinta wata gubar ce daban. Ki daina sa wa yaron kwallin dutse, domin da yawansa dalma ce.

Ki kai shi asibiti, ki faɗa wa likita ƙarara cewa ana dakan dutse a gidanku, ki nemi gwajin dalma a jini. Akwai magani, irin su DMSA, da ke damƙe dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Sai dai ba ya amfani idan yaro ya koma kan gurɓatacciyar ƙasa, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar ƙauyen Bagega a 2013 kafin a fara yi wa yaranta magani. Idan ɗanki ya fara jijjiga ko amai ba tsayawa, kada ki jira gari ya waye.

Masu gari da limaman Talata Mafara da Bakura da Maradun, don Allah ku hana shigar da dutsen gwal gidajen da yara ke rarrafe.