Baƙuwar Rina Mai Cin Ƙudan Zuma

A shekara ta 2004 aka fara ganin wata baƙuwar rina a kudu maso yammacin Faransa. Ana zaton uwa guda ce ta iso cikin kayan tangaran daga ƙasar Sin. Zuriyarta ta shiga Sifen a 2010, ta ƙetare teku zuwa Ingila a 2016.

Baƙa ce, ƙafafunta rawaya. Takan yi ta shawagi a bakin amya. In ƙudan zuma ya komo daga kiwo, sai ta cafke shi, ta cire kai da fukafukai, ta kai wa 'ya'yanta ƙirjin. To, tsoron da take sawa ya fi kisan ɓarna, gama sauran sukan ƙi fita, abinci ya ƙare, amya ta mutu da hunturu. Furen gona da na lambu kuwa ya rasa mai yi masa barbara, amfani ya ragu.

Saboda haka a Ingila ana roƙon duk wanda ya gan ta ya ɗauki hotonta ya aika wa hukuma, kada ya taɓa gidanta da kansa. Ma'aikata ne ke bin ta har gidan, sau da yawa can bisa itace, su hallaka shi.