Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Neman Aiki

'Ya'yana da jikokina na cikin birni, daga Yakasai zuwa Dala, daga Ƙofar Mata zuwa Goron Dutse. Maganata da ku ce, ku da kuka gama karatu, kuka yi bautar ƙasa, kuka dawo gida kuna jiran kira. Na san nauyin da ke ranku. Mahaifiya ta zuba ido, ƙanne sun zuba ido, duk wanda kuka gaisa da shi sai ya ce, "Yaya, an dace kuwa?" Jinkirin aiki ba laifinku ba ne. Amma akwai abubuwan da nake so ku riƙe, don kada jira ya karya muku zuciya, kada kuma wani ya ci guminku.

Ku fara sanin yawan abokan nemanku. Lokacin da Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ita kaɗai ce a Kano, masana'antun Bompai da Sharada kuwa suna ta ɗaukar ma'aikata. Yau ga ta Wudil da aka buɗe a 2001, ga Northwest ta 2012, ga masu zaman kansu, ga kwalejojin ilimi da na fasaha, kowacce tana yaye ɗalibai duk shekara. Masaƙu da dama kuma sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Manyanku ba su manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, ranar da Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na birane. Sama da mutum rabin miliyan suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu, fiye da mutum goma suka rasu, Allah ya jiƙansu. Idan ka nema ba a kira ka ba, ɗana, kada ka ɗauka cewa ba ka da amfani. Masu nema ne suka ninka guraben sau ɗari.

A irin wannan hali neman taimako wajibi ne, kuma masu taimako na gaskiya suna nan. Akwai malaminka na jami'a da ya san ƙoƙarinka, akwai yayanka da ya riga ka shiga aiki, akwai masu gyara takardar bayanin kai da ake kira CV, da masu koyar da yadda ake amsa tambaya a intabiyu, da shafuka irin su Jobberman da LinkedIn inda kamfanoni ke tallata gurabe. Irin waɗannan za su gyara maka rubutu, su nuna maka inda ake nema, su gaya maka inda ka gaza. Iyakarsu ke nan. Matsayinsu kamar na dillali ne a kasuwa: zai kai kayanka gaban mai saye, ya yaba su da gaskiya, amma ba zai cusa hannu a aljihun mai saye ba. Idan ka biya mai gyaran takarda, ladan gyaransa ka biya. Mai taimakon kirki zai gaya maka haka da bakinsa tun kafin ka tambaya.

Wanda nake jiye muku shi ne mai sayar da alkawari. Zai ce yana da gurbi a wata ma'aikatar tarayya, a kawo kuɗi kafin Juma'a, kada a gaya wa kowa. A gidaje nawa aka sayar da gona ko sarƙar uwa, a ƙarshe aka tashi da takardar kama aiki ta bogi? Abin ya yi yawa har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a 2023 don binciken cinikin guraben aiki a hukumomin gwamnati. Alamomin ba sa ɓuya: gaggawa, rufa-rufa, da tura kuɗi asusun wani mutum. Ko da gurbin na gaske ne, haƙƙin wani ka saya, kuma albashin da aka fara da cin hanci ba ya albarka. Ba zan ɓoye muku ba, mai uwa a gindin murhu yakan riga wasu samu. Wannan zalunci ne da ya kamata mu ci gaba da ƙi, amma kada ya zama hujjar naɗe hannu, domin mai kamfani da mai asibiti da mai makaranta suna neman wanda ya iya aiki ne, tunda dukiyarsu ce a ciki.

To, me ke hannunka? Takardarka ta zama gajera, shafi ɗaya ko biyu, babu ƙarya ko ta kalma ɗaya. Kada ka tura iri ɗaya ga banki da makaranta da ƙungiyar agaji. Kowanne ka karanta abin da ya ce yana so, ka nuna masa inda ka taɓa yin irinsa, ko a lokacin koyon aiki na SIWES ne, ko a wurin bautar ƙasa. Ka nemi shaidar da sana'arka ke buƙata: malami ya yi rajista da TRCN, akanta ya kama hanyar ICAN ko ANAN, injiniya ya nufi COREN. Ka iya kwamfuta iyawa ta gaske, ka iya rubuta wasiƙa mai tsabta da Turanci da Hausa. Kafin ranar intabiyu ka zauna gaban wani babba ya yi maka tambayoyi, ka saba da jin muryarka. Ke ma 'yata haka, ki ɗaga murya a ji amsarki. Kunya ado ce, amma ba ta hana mutum faɗin abin da ya sani.

Sai batun buri. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, shirin N-Power da aka fara a 2016 kuwa naira 30,000 ya riƙa bai wa masu digiri a wata. Aikin farko ba kasafai yake zuwa da mota da gida ba. Idan ƙaramar makaranta ko shagon magani ya kira ka, ka duba abin da za ka koya da mutanen da za ka sani, kafin ka duba kuɗin. Kada kuma ka ce sai cikin Kano. Kakanninmu fatake har Gwanja suke zuwa neman goro, kuma a wannan hanya Alhassan Ɗantata ya fara tara abin da ya tara.

Kafin kira ya zo, ka kama wani abu. Kai ɗan garin da kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, garin marinar Ƙofar Mata da Kantin Kwari da Dawanau. 'Yan kasuwa da yawa suna buƙatar yaro mai ilimi da amana wanda zai riƙe musu lissafi, ya rubuta takardun fitar da riɗi da zoɓo, ya tallata haja a intanet. A Farm Centre samari suna cin abinci da gyaran waya. Tun 2012 hukumar bautar ƙasa take koyar da sana'a ta shirin SAED, Hukumar Samar da Ayyuka ta Ƙasa ma tana da nata horon. Zama yaron shago bai rage wa digirinka komai ba, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da aka tambaye ka abin da ka yi tun gama makaranta, za ka sami amsar da ta fi "ina jira".

Mu iyaye kuma mu sassauta. Gori da kwatanta yaro da ɗan wane shi ke tura shi hannun 'yan damfara. Mu tambaye shi me ya koya a wannan wata, mu haɗa shi da mutanen kirki da muka sani, mu sa masa albarka.

'Ya'yana, ku nemi taimako wurin mai gaya muku gaskiya, ku guji mai yi muku alkawari, ku gyara abin da ke hannunku, sauran ku bar wa Allah. Allah ya ba ku halaliyarku, ya sa albarka a cikinta. Amin.