Ma'anar "Komawa Ruwa" a Fagen Lafiya

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari, ina so in duba yadda Hausa ke bayyana halin mutumin da ya samu sauƙi daga ciwo ko shaye-shaye, sannan abin ya dawo masa. Likitoci suna kiran wannan hali da kalmar Ingilishi guda ɗaya, wato relapse. Bahaushe kuwa yana da maganganu da dama, kuma ba kowacce ce ta dace da mai jinya ba.

Ta Fuskar Ciwo

Idan ciwo ne, akan ce "ciwon ya dawo" ko "ciwon ya tashi". A ganina ta biyun ta fi ma'ana, domin tana nuna ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba. Misali, akwai nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna vivax da kan ɓuya a cikin hanta na tsawon makonni ko watanni, sannan ta taso ba tare da sauro ya sake cizon mutum ba.

Ta Fuskar Shaye-shaye

A nan akan ce "ya koma ruwa" ko "ya koma gidan jiya". A shekarar 1985, masanan halayyar ɗan Adam Marlatt da Gordon sun bambanta matakai biyu. Na farko shi ne mutum ya sha sau ɗaya bayan ya daina, wanda ni zan kira "tuntuɓe". Na biyu shi ne ya ci gaba da sha kamar da, wannan shi ne komawa ruwa. Wanda ya yi tuntuɓe yana iya miƙewa idan aka kama hannunsa da wuri.

Maganar da ba ta dace ba ita ce "tuban muzuru", domin tana mai da mai jinya mayaudari. Wani bincike da McLellan da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a shekarar 2000 ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kusan yadda hawan jini da asma ke tashi. Haka kuma, wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya rage jure ƙwayar, don haka adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi. Idan gori ya sa ya ɓoye, wa zai kai shi asibiti?

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe mu ne gobe za mu fassara saƙonnin kiwon lafiya a rediyo da asibitoci. Shawarata ita ce mu riƙa cewa "ya yi tuntuɓe" ko "larurar ta tashi", mu bar wa muzuru tubansa.