Wace kalma zan ɗauka idan ina nufin sauƙaƙa ciwo?

Tambaya: Malama, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Kalmomin relieve, ease, soothe da alleviate suna rikita ni wajen rubuta rahoto. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Ƙanwata, 'yan gida ɗaya ne, amma kowace da wurin zamanta. A asibiti, ki riƙe relieve: magani ya rage ciwon kai ko zafin naƙuda, ita ce kalmar. Sai dai ki kula, idan aka ce mutum ya je ya yi relieve himself, bayan gida ake nufi, kuma wanda aka yi wa relieved of duty an sauke shi daga aiki ne. Ease ta fi sauƙin hali, tana shiga ciwo, damuwa, har cunkoson motoci. Soothe kuwa lallashi ce: jariri mai kuka, maƙogwaro mai zafi, fata mai ƙaiƙayi. Alleviate ta rubutun hukuma ce, tana tafiya da talauci da wahalar jama'a. Fargabar dangin majiyyaci, allay ake yi mata.

Abin da nake so ki kiyaye shi ne, babu ɗayansu da ke nufin warkarwa. Haka ma palliative, wadda ta cika bakin 'yan Nijeriya bayan cire tallafin man fetur a 2023: sassauci ne kawai. Kada ki rubuta cure a inda ciwo ya lafa ne kurum, domin likita zai dogara da rahotonki.

Ki riƙa rubuta kowace kalma tare da abokiyar tafiyarta a littafinki, kina bita. Allah ya ba da sa'a.