Yis ɗin Cikin Baki da Cutar Ƙanjamau

Da an ambaci yis, akasarin ɗalibai burodi ke faɗo musu a rai. To amma akwai danginsa mai suna Candida albicans da ke zaune cikin bakin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, ba tare da ya cutar da su ba. Sai garkuwar jiki ta yi rauni, kamar yadda ƙwayar ƙanjamau ke haddasawa, sannan ya yaɗu, ya bar fari-fari a kan harshe da dasashi, har cin abinci ya gagara.

Abin lura a nan shi ne, farin da ido ke gani iri ɗaya ba halitta ɗaya ba ce. A shekarar 1995 masana a birnin Dablin na ƙasar Ayalan suka nazarci sinadarin gado na yis ɗin da aka ɗebo daga bakin masu ƙanjamau, suka tabbatar da wani jinsi daban, suka raɗa masa Candida dubliniensis. Kafin nan ana ɗaukarsa albicans ne, saboda tsananin kamarsu.

Wannan bambanci ya shafi magani kai tsaye. Fluconazole, wanda aka fi ba majinyata, ba ya tasiri a kan jinsin Candida krusei, kuma albicans kansa kan bijire masa idan aka daɗe ana sha.

Jinga: Bayyana wa ɗan aji shida na firamare ma'anar "sinadarin gado" cikin jimla biyu, ba tare da aron kalmar Ingilishi ba.