Rak ɗin sitiyari: gyara ko sauyi

Rak ɗin sitiyari sandar ƙarfe ce mai haƙora da ke juya tayoyin gaba. A hanyoyin yashi na ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, robar da ke rufe bakinsa kan yage, ƙura ta shiga ta cinye sil, sai man sitiyari ya fara ɗiga. Kuskuren da aka saba yi shi ne ƙara mai kullum ba tare da gyara ba, har famfon sitiyari ya lalace.

In sil ne kaɗai ya mutu, sauya shi wurin ƙwararren bakanike ya fi araha. Amma in sandar ta yi tsatsa ko ta karce, sabon sil ba ya daɗewa. Nan ne ake neman rak ɗin tokumbo ko wanda aka sabunta, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ana tafiya da tsohon don kwatantawa, kuma sabon fenti ba shaidar lafiya ba ne. A juya wanda za a saya da hannu, a duba ɗigar mai, a yi yarjejeniyar mayarwa kafin biya. Bayan ɗaurawa, a zuba sabon mai, a saita tayoyin gaba.